Kawu Jibrin da Dogonsa da Ba a Zaɓa Ba

Ku da kuka zauna a unguwar Bani Harisa ta Madina a wancan zamani kun san Kawu Jibrin ba ya kallon fuskar saurayi in ana gaisawa. Ƙafa yake kallo. Kana miƙa masa hannu idonsa na ƙasa, sai ka ji ya ce, "Kai dai ba za ka yi ƙwallo ba, riƙe karatunka." Likita ne kai, injiniya ne, ba ruwansa. Kuma mutumin nan gajere ne fa, in ya tsaya bayan motarsa sai a neme shi a rasa! Tunda aka haife shi bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba. Gyaran mukayyif yake yi, na'urar sanyaya ɗaki. Duk iliminsa na ƙwallon kwando daga wasu tsofaffin kaset-kaset na bidiyo ya samo shi, waɗanda aka zubar a wani gida ya tsinto.

Yayan Ummanmu ne. Ni Rabi ni ce babba, sai ƙanena Mansur, wanda Allah ya yi wa tsawon da ya zama abin magana a unguwa. Babu ƙofar gidanmu da ba ta san goshinsa ba. Umma kullum cikin mita take, wai jallabiya ba ta yi masa wata shida ta koma riga.

"Hadiza, daina saɓo," in ji Kawu. "Arziki ne Allah ya ajiye miki a tsaye."

Daga ranar ya naɗa kansa koci, ba wanda ya roƙe shi. Ya yanke murfin tsohuwar fanka ya kafa a saman benenmu, wai kwando ke nan. Ƙwallon kuwa faci a kan faci, in ta daki ƙasa Allah kaɗai ya san inda za ta nufa. Mansur, da yake haihuwar Madina ne, ana yi masa Hausa yana amsawa da Larabci. Ranar dai haƙuri ya ƙare, ya tattaro Hausarsa ya ce, "Kawu, a saya sabuwa mana."

"Sabuwa ai ko makaho ya cafe ta. Yalla, koma!"

Sai kuma ya tayar da rigimar hagu. Ya ce dogon da ba shi da hannun hagu rabin mutum ne, don haka daga yau komai da hagu za a yi. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Yaya, a birnin Manzon Allah za ka sa ɗana ci da hagu?"

"Wa ya yi maganar ci? Ya ci da dama, ya wanke tukunyar da hagu."

Ni kam na ji daɗin wannan fatawa, don wanke-wanke ya bar kaina. Shara da hagu, buɗe ƙofa da hagu, ɗaukar mukayyif zuwa bene na sama da hagu. Har ranar da wani dattijo, malamin jami'a mutumin Kano, ya zo gaida Baba. Mansur ya rusuna da ladabinsa, ya miƙa wa bawan Allah hannun hagu. Baba kamar ƙasa ta tsage ya shige. Daga can lungu sai muka ji muryar Kawu: "Alhamdulillahi! Ta fara kamawa."

Lokacin aikin Hajji kuma, da gari ya cika ya batse, sai Kawu ya ja Mansur tsakiyar gari, ya ɗora masa tire cike da kofunan shayi, ya ce ya ratsa alhazai bayan la'asar ya raba musu, kada ya taɓa kowa, kada ɗigo ya zuba. Shi yana biye yana ihu: "Dogo ba ya ture mutane! Kafa ƙafa ɗaya, juya da ɗayar!" Wata tsohuwa Basakkwaciya ta ɗaga kai, ta ɗaga, har mayafinta ya zame, ta ce, "Ɗan nan, in sadaka ce ka sauko da ita ƙasa mu samu."

Muna ta dariya, amma wallahi yaron ya iya. Ni da ban san komai a harkar ba na gani. Jikin nan da a da yake tafiya kamar tsani ya zama mai laushi, yana juyawa ƙarƙashin kwando ba ka ji motsinsa ba. Shi ma ya sa abin a ransa fiye da yadda yake faɗa. Abin da yake so a duniya shi ne wata ƙungiya ta ɗauke shi.

Ranar gwajin matasa a wata babbar ƙungiya, Kawu ya sha babbar rigarsa ta Idi ya raka shi. Mansur ya ba ni labari daga baya. Ba wanda ya iya tsayawa gabansa, dama da hagu. Da aka zo kiran sunaye aka kira kowa, har wani da ya wuni yana haki, ba a kira shi ba. Kocin ƙungiyar ya ja su gefe, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, amma 'yan ƙasa kaɗai ake ɗauka, shi kuwa iƙama gare shi, takardar zaman baƙo.

"Baƙo?" in ji Kawu. "A garin nan aka yanke masa cibi!"

Kocin ya buɗe hannuwa, ya ce abin ba a hannunsa yake ba. Suka kama hanyar gida. Kawu ya tsaya a kanti ya sayo wa Mansur lemo mai sanyi, shi da bai yarda a sayi ko ruwa a waje ba. Mansur ya ce a lokacin ne ya san abin ya yi zafi.

Kawu ne dai ya bi alhazai yana tambaya, har ya samo wanda ya san wata ƙungiya a Najeriya. Umma ta yi kuka, don in ya fita iƙamarsa ta mutu, dawowa sai dai a matsayin mai ziyara. Kawu ya kafe. "Dabino ba ya 'ya'ya a tukunya, Hadiza. Bar shi ya tafi." Mansur ya roƙe shi ya raka shi, ko ya ga wasansa na farko.

"Ni? In kwana a wajen Madina, mutuwa ta riske ni a can? Shekara nawa ina gadin wurina a maƙabartar Baƙi'a!"

Ranar tafiyar Mansur, ko filin jirgin Jidda bai je ba.

Bayan watanni wani alhaji ya kawo kaset ɗin wasan ƙungiyar su Mansur. Muka taru a falo. Wasa ya yi nisa, Mansur na kan benci, ba a sa shi ba har aka tashi. Umma ta fara share ido. Kawu ya matso har hancinsa na taɓa talabijin, ya mayar da kaset ɗin baya, ya nuna da yatsa.

"Ku dubi zaman nan. Ai wannan zaman babban ɗan wasa ne. Sauran lokaci kawai."

Gaskiyarsa ce. Shekara ta zagayo Mansur ya zama shi ake fara sawa, har wata ƙungiya a wata ƙasa ta neme shi. Amma kafin kaset na biyu ya iso, Kawu ya kwanta ciwon kwana kaɗan, Allah ya karɓi abinsa. Ya samu Baƙi'ar da yake gadi. Bai taɓa ganin yaronsa ya jefa ƙwallo ko ɗaya a wasan gaske ba, kuma wannan har yau yana ci min rai.

Sai bayan shekaru Mansur ya samu zuwa Umara. Na raka shi maƙabartar, na tsaya daga wajen shinge tunda mata ba sa shiga. Ina hango kansa sama da na kowa, yana waige-waige a cikin kaburburan da ba suna a kan ko ɗaya. Ya daɗe. Da ya fito, ya sunkuyo daidai kunnena, da Hausar da ya koyo tas a can, ya ce, "Yaya Rabi, na zo in gaya masa an zaɓe ni, ban san wanne ne nasa ba."

Allah ya jiƙan Kawu Jibrin, ya yalwata masa makwanci, ya sa maƙwabtakar Manzon Allah da ya yi wa haƙuri ta amfane shi. Mu kuma ya haɗa mu da shi a inda ba a tambayar kowa takarda.