Kwanon Ruwan Yaya Habu

Bana shekara shida ke nan da rasuwar wana, Yaya Habu mai injin niƙa na Gagarawa, kuma har yau ba a daina abin da ya mutu yana hanawa ba.

Masu niƙa a ƙasarmu suna da wata ɗabi'a. In za su auna gudun inji, sai su ɗora tafin hannu a kan bel yana juyawa, wai hannu ba ya ƙarya. Sanin gudun kuwa dole ne: in ya yi yawa gari ya ƙone, in ya yi kaɗan mata su koma gida da tsaki. Yaya ma haka yake yi, har ranar da bel ya tafi da yatsunsa uku.

Da ya warke bai bar sana'ar ba, don taurin kai a gidanmu gado ne. Ya zuba ruwa a kwanon sha, ya ajiye a kan simintin da aka kafa injin, ya tsuguna yana kallo yana sauraro. Ya lura in gudu ya daidaita, ruwan kan yi zobe-zobe ya tsaya, ƙarar ma ta kwanta. In ya wuce kima, ruwan ya dinga tsalle. Sai ya ɗaura kwanon a keke, ya shiga bin masu niƙa daga Gumel har Sule Tankarkar, yana koya musu awo da kwano maimakon hannu. A kasuwar Maigatari wani ya ce masa, "Malam Habu, duba ka koma yi?" Ya ɗaga masa guntun hannun ya ce, "Ga abin da na hango maka."

Kwanaki wani malamin makarantar fasaha ya ba ni labarin na'urar da ke sauraron inji daga nesa ta faɗi gudunsa. Da Yaya na da rai da ya yi murna, sannan ya tambaya yaushe za ta iso ƙauye. Ga wahalar man da muke ciki, ana surka gas da kananzir, injuna sai hauka suke yi, hannaye kuma sun koma kan bel. Watan jiya wani magidanci ya rasa hannun damansa. Abin ya ƙona min rai ƙwarai.

Ni ke riƙe da injinsa yanzu, kuma duk ran kasuwa nakan rufe in fita yawon da ya bari. A ce min boka, na ji, amma ba zan fasa ba. Yaya bai bar gidan bulo ba, bai bar garke ba. Waɗanda suka saurare shi dai ina ganinsu a bakin masallaci, da yatsu goma suke alwala.