Kan Tarwaɗar da na Jefa ma Karena

Edita, salamu alaikum. Sa'ad da abin ga ya faru ni masunci ne a bakin dam ɗin Goronyo, ina kamu ina banda, kuma ina da wani jan kare mai tsaron wurin bandar. Ba ya shiga gida, ba ya taɓa ƙwaryar kowa, amma wallahi ya fi wasu mutane amana. Wata safiya na jefa mashi kan tarwaɗa kamar kullum, ya haɗiye, bai jima ba ya amayar. Na ce ai kare da amai sun saba. Da marece ya sake, washegari ko ruwa ya lasa sai ya dawo da shi, ga miyau yana dalala.

Nan fa kowa ya zama likita! Wani ya ce in bar shi ya ci ciyawa, wani ya ce in ɗura mashi kanwa, maƙwabcina kuwa ya rantse hauka ce, a sa sanda a huta. Da na ce zan kai shi ga malamin dabbobi sai anka fashe da dariya, ana tambayata mi ya yi zafi, ɗana ne ko saniya ce. Har yayana ya ce kar in ja ma gidanmu abin faɗi. Ni kuma sakarai na ji kunya, na zauna ina kallon dabba tana ramewa, sai da na ga jini cikin aman hankalina ya tashi.

Ranar kasuwa na tura karen a baro zuwa ga malamin dabbobi. Malamin na buɗe mashi baki sai ga zaren kamun kifi ya naɗe gindin harshe ya gangara maƙogwaro. Ashe ƙugiyata ce ta maƙale cikin kan tarwaɗar. Ya hana ni jan zaren, ya ce sai Sakkwato a yi hoto a yi aiki, ya kuma tambaye ni ina nike tun farko. Tasha kuma wani sabon baƙin ciki, kowane direba ya ce kare ba zai ɓata mashi kujera ba. Haba jama'a, motar da ake ɗora ma mutane awaki bisa cinya! Da ƙyar wani mai motar albasa ya yarda munka hau baya. Ba mu kai Wurno ba karen ya daina numfashi.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. In karenku ya yi amai sau ɗaya ya tashi yana wasa, da sauƙi. Amma in ya maimaita, ko ruwa ya ƙi zama, ko kun ga jini, ku nemi malamin dabbobi a ranar, kowa ya yi ta dariyarshi. Kuma ku duba kan kifi kafin ku jefa. Ni dai karena, ni kaɗai na gina mashi rami gefen titi, direba yana ta danna mani hon wai albasarshi za ta lalace.