Ni ne Idonsa, Shi ne Kunnena

Ina gyaran rediyo a Illela lokacin da na fara tara tsofaffin finafinan Turawa, irin na mutanen da, masu takubba da jiragen ruwa na yadi, waɗanda aka ɗauko daga manyan littattafansu. A Ƙonni, tsallaken iyaka, nake samo su, cikin kwandunan kaset da faifai da babu mai taɓawa. Dukkansu da Faransanci ake magana a ciki, ni kuwa ban ji ko kalma ɗaya.

A bakin irin wannan kwandon na haɗu da wani dattijo, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Ya dubi faifan da ke hannuna ya ce ya karanta littafin tun yana saurayi. Daga nan duk Lahadi sai ya hau kabu-kabu ya tsallako shagona bayan azahar. Ina kunnawa, yana fassarawa, yana faɗa da talabijin.

“Ƙarya suke! A littafi mutumin ga bai mutu nan ba.”

Sannu a hankali yanar ido ta rufe masa gani. Bai daina zuwa ba. Sai ya zauna ya karkata kunne, ya ce, “Ɗana, mi kaka gani?”

“Baba, sun hau katanga da igiya. Guda ya faɗo.”

“Mai gemun?”

“Shi.”

“To, yana cewa su tai su bar shi.”

Haka muka yi shekara biyu. Wata Lahadi bai zo ba, ta biyu ma haka. A ta uku na tsallaka, na tarar har an yi addu'ar bakwai. Ba wanda ya san ya kamata a gaya mini. 'Yarsa ta fito da wani kwali ta ce ya bar wasiyya a ba mai rediyon Illela. Littattafai ne, sun yi ja don tsufa.

Na gwada kiran maƙwabta kallo. Suka zauna kaɗan, kowa ya koma kan wayarsa, suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Har yanzu ina saye idan na samu. Nakan jera faifan kusa da littafin da hoton bangonsa ya yi kama da shi. Ban san ko daidai nake haɗawa ba, kuma babu wanda zan tambaya.