Mai Rediyo Ya Koma Aji

Dariya ce ta ja mini. Na shiga shagon maƙwabcina Mai Rediyo da labari a baki, na fashe da dariya tun ban kai ƙarshensa ba, na daki teburinsa da tafin hannu. Sai 'yan notikan wayar da yake gyarawa suka yi tsalle kamar ƙuma, kowanne ya kama gabansa. Mai Rediyo ya ɗago kai. Ya miƙo mini maganaɗisu, ya nuna ƙasa da haɓa. Haka na durƙusa da tumbina da furfurata ina rarrafe a ƙarƙashin benci, masu jiran aski a shagona suna leƙowa suna yi mini sannu da aiki.

Amma kada ya yi muku fankama, shi ma ya taɓa yin wadda ta fi tawa.

Tun yana saurayi yake gyaran rediyo a ɗakin nan mai taga ɗaya, da kanta cike da gawarwakin rediyoyin da masu su suka manta. Da rediyo ya yi aure, da rediyo ya kai 'ya'ya makaranta. Aikinsa kuwa yana da ƙa'ida: kafin ya buɗe rediyo sai ya ɗan mare ta a gefe, in ya buɗe sai ya cika kumatu ya hure ƙura. Rabin rediyoyin unguwa da mari da iskar bakinsa suka warke.

Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma jin labarai a waya. Sai ya wuni yana korar ƙuda, ya kunna rediyon kansa don kada shagon ya yi shiru. Babban ɗansa, direban motar kaya, ya fara zuwa da magana mai laushi.

"Baba, ku huta haka nan. Akwai mai son shagon nan, takalma zai zuba. Ku zauna a gida, mun ɗauke muku."

"In zauna in yi me? In taya uwarka tsince shinkafa?"

Ba yunwa yake tsoro ba. Mabuɗin nan da yake murzawa kowace safiya, shi ne ba ya son a karɓe masa.

Ana nan sai ya ji sanarwa, a rediyon nan dai da kowa ya guda, cewa gwamnati ta fito da shirin koya wa masu tsofaffin sana'o'i sabon aiki, wai ƙasa mai yawan jama'a ba ta ci gaba in hannaye suna zaune. An buɗe ajin gyaran waya a makarantar koyon sana'a ta bayan tasha. Ya sa aka goge masa riga, ya share tabarau, ya tafi. Ya tarar malamar sa'ar autarsa ce.

"Baba, wani kuka kawo?"

"Kaina na kawo, 'yata."

Malama ta kwance waya, ta jera notikan a kan farin ƙyalle, kowanne a inda za a gane gurbinsa, ta ce kowa ya matso. Mai Rediyo ya hango 'yar ƙura a cikin wayar. Kafin ya yi tunani kumatu sun cika. Fuuu! Aji duka ya koma ƙasa neman noti, har da malama.

Yatsunsa sun koyi riƙe hantsaki, idanunsa sun saba da madubin ƙara girma. Marin ma malama ta raba shi da shi. "Baba, waya ba ta san horo ba, lallashi take so." Baki ne ya ƙi. Hali zanen dutse. Ya dawo gida wata rana jiki a sanyaye, yana cewa wataƙila babban ɗansa ya yi gaskiya. Mai ɗakinsa ta dube shi, ta zaro tsinken ashana ta miƙa masa.

"Ciji wannan, maigida. Bakin da ke riƙe da abu ba ya hura iska."

Tun daga nan ba ya taɓa waya sai da ashana a haƙori. Ya gama ajin, ya ture rediyoyin zuwa saman kanta, ya shimfiɗa nasa farin ƙyallen. Sunan dai bai canza ba, har yara masu kawo wayar da ta ƙi caji Mai Rediyo suke ce masa.

Kwanan baya ina zaune a bakin ƙofarsa babban ɗan nasa ya zo. Bai yi zancen takalma ba. Ya gaida mu, ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ajiye wayarsa mai fasasshen gilashi a kan tebur.

"Baba, in da hali, gobe zan yi tafiya."

"Bi layi," in ji tsohon ta gefen ashana, yana ɓoye murmushi.

Ni kuwa bakina ba ya zama lafiya. Na ce, "Yaya, tsakani da Allah, ba ka ji kunya ba, da gemunka fari fat, yarinya tana ce maka zauna, tashi?"

Ya zare ashanar, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ni hannuna na kai aka gyara. Ranar da gwamnati ta buɗe ajin gyaran baki, ka shirya da wuri, ni zan riƙe maka jaka."