Waƙar Kakar Hajo Ta Je Kukawa

A Dukawuya aka haifi Hajo mai turaren wuta, a nan ta yi aure, a nan ta tsufa. Kakarta ce ta zo daga Kukawa ta ƙasar Barno, ta bar mata sana'a da wata guntuwar waƙa. Hajo ba ta jin Barbarci. Ɗan abin da ta riƙe shi take rerawa in tana soya itacen turare, hayaƙi na tashi, ta lumshe ido tana ganin wani gari mai farin yashi da ba ta taɓa takawa ba. A zatonta waƙar makoki ce.

Bayan soja sun koma bariki, wayar hannu ta cika gari. Ɗanta Salihu, mai fataucin banda daga Baga, ya sayo wata mai ɗaukar hoto da murya.

"Inna, rera min waƙar nan taki," in ji shi.

Ta rera, ya danna, sai ga muryarta tana fitowa daga tafin hannunsa. Ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! To tunda tana riƙe magana, kai ta Kukawa, ka tambayo min abin da nake faɗa."

Da ya tashi tafiya ya ratse Kukawa, ya kunna wa wasu tsofaffin mata a gindin bishiya. Suka kwashe da dariya, ɗaya ta karɓe daga inda Hajo ta tsaya, sauran suka kama tafi. Ya ɗauke su kaf.

Ranar da ya dawo, Hajo ta zauna a tabarma bayan la'asar, ta tallabi wayar da hannu biyu. Ga yashin nan fari a ɗan gilashin, ga wata mai irin goshin kakarta.

"Inna, ashe ba makoki ba ne. Yarinya ce ke tsokanar mai kwalekwale, wai ya fiye tsoron ruwa."

Hajo ta yi dariya har da hawaye.

Ba ta je Barno ba har ta koma ga Allah. Amma ta haddace waƙar duka, kuma duk wadda ta zo sayen turare sai ta roƙi Salihu ya tura mata a wayarta. A bikin jikar Hajo a Soron Ɗinki, da waƙar aka yi kamu.