Tabarau Biyar na Nabilah

Ranar Talata ce. Ƙarfe shida na safe Nabilah, 'yata ta fari, tana tsakar gida tana tankaɗen lalle. Ƙarfe bakwai muka sha koko. Ta ce kanta na sarawa, ta haɗiyi ƙwaya biyu. Takwas da rabi na sauke ta a shagonta na Gwarinpa, na wuce ma'aikata.

Mai ƙunshi ce. Shekara tara tana zana wa amare furanni a hannu da ƙafa, zane siriri kamar zaren gizo-gizo. Ba ta hira in tana aiki, sai ɗan guna-guni na waƙa. A shekararta ta ƙarshe zanen ya sauya: ɗige-ɗige suka yawaita a gefen kowane fure. Amare suka so abin, har daga Masaka ake zuwa nemansa.

Na taɓa tambayarta inda ta samo shi.

"Umma, gani nake yi," ta ce. "Wasu 'yan taurari ne ke yawo a idona, ko da rana tsaka. Kwafa kawai nake."

"To, ki gaishe su," na ce, muka yi dariya.

Da ta fara cewa zanen na yi mata hazo, sai na ciro tsohon tabarauna na karatu na ba ta. Haka muka saba a gidanmu: nawa na farko ma na mahaifiyata ne. Da ya daina yi mata, ta sayi wani a faifan mai talla, inda ake gwadawa da guntun jarida. Sai wani, sai wani. Ba wanda ya taɓa haska cikin idon nan.

Ranar Talatar nan, ƙarfe ɗaya ta kira ni. "Umma, yau taurarin da yawa. Kamar ana biki." Ina cikin taro, na ce zan kira ta. Uku da kwata ta kife a kan hannun wata amarya, zanen bai kai wuyan hannu ba. Ta cika ranar Alhamis, tana da shekara talatin da ɗaya.

Likitan ya ce hawan jini ne, ya daɗe a jikinta, har jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ya ce a bayan ido ake ganin jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru, kuma dubawar minti goma za ta iya nuna shi tun bara. Bai ɗaga murya ba.

Bayan sadakar bakwai muka raba kayanta. Atamfofi suka tafi Jiwa, wurin dangin mahaifinta. Kujerun shagon muka bar wa abokiyar aikinta, Serah. A aljihun tebur muka sami tabarau biyar, nawa ne a ƙasa.

Yayata Hajjo ta tattara su. "Akwai masu raunin ido a unguwarmu. Sadaka ce, ladan ya isa gare ta."

"A'a, Yaya. Ba wanda zai sake sa su a haka."

Washegari na kai su asibitin ido, tare da Kauthar, ƙanwar Nabilah, aka duba mu duka biyu. Na sa aka cire gilasan. Firam ɗin na bar musu, su saka wa wanda aka auna.

Gilasan goma suna cikin ƙaramin faranti a bakin tagar ɗakinta. Wajen ƙarfe tara, in rana ta shigo, sukan watsa ɗige-ɗigen haske a bango. Nakan tsaya in duba kafin in fita.