Harshen wutar da ke cikin tsutsar hanta

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a kwaleji, aikin kammalawata ya faɗa kan tsutsar hanta, wannan mai faɗi kamar ganye da ke lalata hantar shanu. Malamina ya ce sai na zana masa ƙwayoyin halittar da take fitar da ruwa da dattin jiki da su, waɗanda littafi ke cewa suna kaɗawa kamar harshen wuta. Ni kuwa gwanin wayo, na kwafo zanen littafi tsaf na kai masa. Ya kalle ni ya ce, "Ka zano abin da idonka ya gani, ko mu haɗu baɗi." Saura mako guda a rufe karɓa.

Kullum da safe ina mayanka, mahauta har sun saba da ni. In tsinto tsutsotsi, in zuba su a kwalbar sifirit don tsabta, in kwashe awanni a kan maikiroskof, madubin nan na ganin ƙananan halittu. Ko alama! Wallahi har na fara zargin Turawa ne suka ƙirƙiri abin.

Akwai wani dattijo mai kula da ɗakin gwajin, wanda a wautata na ɗauka wanke kwalabe kawai ya iya. Rana ta huɗu ya ɗaga kwalbata ya girgiza.

"Kai, yaro, gawa kake so ta yi maka motsi?"

"To ya zan yi, Baba?"

"Wannan ma ta yi kauri. 'Ya'yanta za mu nema. Kana da mashin?"

Muka nufi wani tafki a hanyar Nangere inda shanu ke shan ruwa. Ya naɗe wando ya tsinto ƙananan dodon koɗi, ya ce a jikinsu 'ya'yan ke girma. Da muka dawo ya sa su a kofin gilashi da ruwa ya ajiye a rana, har ƙananan 'ya'yan tsutsar suka fito suka fara iyo. Ya ɗiga ɗigo ɗaya mai 'yar tsutsa a ciki a kan gilashin maikiroskof, ya rufe da wani siririn gilashi, yana tsotse ruwan a hankali da gefen takarda har tsutsar ta baje ba ta fashe ba. Hannunsa ko rawa. Ya rage haske ya ce, "Duba gefe. Kar ka yi gaggawa."

Subhanallah! Ga wani ɗan ƙoƙo mitsitsi, a cikinsa tukkun siraran gashi yana ta karkaɗawa, yana tura ruwa cikin wata 'yar hanya. Na ga na biyu, na ga na uku. Na saki baki har tsutsar ta mutu ban taɓa fensir ba. Baba ya yi dariya ya ɗiga mini wata.

Zanen da na kai karkatacce ne, duk gogewa. Malamina ya daɗe yana kallonsa, sannan ya jawo biro ya sa hannu.

Yau ni ma koyarwa nake, kuma na gwada wannan dabarar takarda ya fi a ƙirga. Har yanzu rabin tsutsotsina fashewa suke yi. Duk lokacin da ɗaya ta fashe sai in tuna hannun Baba, in ji kunyar shekara ukun da na yi ina wuce shi da gaisuwar baki kawai.